Allura Huɗu Bayan Dutsen Tuwaiƙ

Sallama gare ku 'yan uwa, na nan Riyad da na gida. Alhamdu lillahi, maigidana Abban Yusra ya koma bakin aikinsa, yana tuƙa kansa, har ya dawo yi mini gardama a kan gishirin miya. Waɗanda suka zo duba mu sun ji labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da irin nasa. Wasu sun ce rana ce ta buge shi, wasu sun ce gidan aljanu muka taka. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna, domin akwai ɓangaren da ni kaɗai zan iya faɗinsa daidai, kuma ba ya yi mini daɗin faɗa. Sunana Bilkisu, ma'aikaciyar jinya ce ni a ɗakin haihuwa, shekarata goma sha bakwai a wannan aiki, shida daga ciki a garin nan. Ku riƙe wannan, don da a ce ban san allura ba, da tun ranar Lahadi mijina yana gadon asibiti maimakon Laraba.

Tafiyar ma ni na kawo ta. Abokan aikina 'yan Filifin kullum suna nuna mini hotunan wani wuri a tsaunukan Tuwaiƙ da ake ce wa Gefen Duniya. Ni kuwa shekara shida ban san ko'ina ba sai gidanmu a Suwaidi, da asibiti, da kanti, sai Makka in an samu hutu. Na ce wa Abban Yusra mu je mu kashe kwarkwatar ido mu biyu, ba yarinya, ba abokansa. Shi injiniyan bututun ruwa ne, shekararsa arba'in da bakwai, kuma tun da aka ba shi ofis mai sanyi ya ajiye tumbi ya manta da tafiyar ƙasa. Da na ce masa a yi hattara da rana, sai ya yi mini dariyar nan tasa ta Sakkwatawa. Ya ce ni Bazazzagiya ce shi ya sa, shi a garinsu da wannan ranar suke zuwa gona.

Muka bar Yusra, 'yarmu mai shekara tara, a gidan maƙwabciyarmu Maman Walid, muka kama hanya bayan sallar asuba wata Asabar a farkon Oktoba. Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi mana shayi a filas da wainar ƙwai, muna tafe muna hirar da muka daɗe ba mu yi ba. Da kwalta ta ƙare muka shiga burji, mota tana karkarwa, raƙuma suna kallonmu daga gindin ƙayoyi. Muka ɓata sau ɗaya, kuma kun san maza da tambayar hanya. Wurin da muka so isa ƙarfe bakwai da rabi, sai tara ta wuce muka faka.

Wurin ya kai a je a gani. Kana cikin tafiya sai ka ga ƙasa ta yanke kamar an sa wuƙa, can ƙasa kuma fili ne shimfiɗe har iya ganinka. Mutane masu hankali suna ɗaukar hoto su koma motarsu. Mu sai muka hango wata 'yar hanya da ta gangara cikin kwazazzabo, na ce mu ɗan sauka mu ga ƙasan. Gorar ruwa huɗu ƙanana muka ɗauka, sauran muka bari a mota wai sun yi nauyi. Gangara ba ta da wuya, muna ta raha har muka kai ƙasa. A can ne muka gane babu iska ko kaɗan, duwatsun hagu da dama suna huro zafi irin na bakin tanderu. Azahar ta same mu a nan, muka yi alwala da gora guda cur. Addini ya yi mana sauƙi da taimama, mu ne ba mu karɓa ba.

Hawa ya ci mana awa uku. Tun a farkonsa gwiwata ta fara ciwo, sai ya karɓi jakata ya haɗa da tasa. Duk inda dutsen ya miƙe, sai ya hau ya ajiye jakunkunan, ya sauko ya kamo hannuna mu sake hawa tare. Wato ni sau ɗaya na hau dutsen nan, shi kusan sau biyu. Gorar ƙarshe ni ya miƙa wa, ya ce in shanye, shi ba ya jin ƙishi. Na dube shi ban ga gumi ba sai na yarda. Ban lura ba cewa iskar wurin tana busar da gumin tun kafin ya fito, farin gishiri ne kawai ya yi zane a bayan rigarsa. Da muka iso mota cinyoyinsa rawa suke yi, har ya kasa taka totur. Ni na tuƙo mu gida, ina tsokanarsa cewa yau Zazzau ta ɗauko Sakkwato.

Ranar Lahadi ya tashi da ciwon cinyoyi da na baya, ko tsugunnawa ya kasa. Ga zazzaɓi, ga ciwon kai, ya yi amai sau biyu. Ya ce mini fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Sati biyar ke nan da dawowarmu hutu daga gida, inda sauro ya yi mana kaca-kaca. Ban yi tunani sau biyu ba, na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na jawo jakar magani.

Duk ɗan Najeriya da ke nan ya san jakar da nake nufi. Ana gobe za ka dawo daga hutu sai ka biya kemis ka yi sayayya: na zazzaɓi, na kashe ciwo, na ciwon ciki, a cusa su tsakanin kilishi da daddawa. Hujjarmu ita ce likitocin nan ba su san irin zazzaɓinmu ba, kuma komai sai da takardar likita. Tawa jakar ta fi ta kowa cika tunda ni Sista ce, har da allurai a ciki. Mata nawa ne a unguwannin Suwaidi da Shifa suka yi mini waya na aika musu da ƙwaya a leda? Na ba shi maganin zazzaɓin, sannan saboda ciwon jikin na yi masa allurar diklofenak, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Litinin na sake yi masa biyu. Allura huɗu ke nan. Ciwon yakan lafa, ya yi barci, ya tashi ya ce Allah ya yi wa hannuna albarka. Ruwa kuwa in ya sha sai ya dawo, don haka ya daina sha, ni kuma ina wurin aiki ban matsa masa ba.

Talata ya wuni a kwance yana shaƙuwa. Laraba da safe na ga ya zura ƙafa a silifas ta ƙi shiga. Na ɗaga kai na dubi fuskarsa da kyau, na ga ƙasan idanunsa ya kumbura. Na tambaye shi rabonsa da fitsari. Ya yi lissafi, sannan ya ce tun asubar jiya, shi ma ɗan kaɗan. Duk abin da na karanta a makaranta ya dawo mini lokaci ɗaya, ya dawo a makare. Ban tsaya yi masa bayani ba, na ce ya ɗauko iƙamarsa, wato katin izinin zama, da katin inshora mu tafi.

A sashen gaggawa mun yi kusan awa biyu a kan kujera. Mai rajista ya ga mutum yana tafiya da ƙafarsa, ba jini, ba suma, sai ya sa mu a bayan layi. Na je na tsaya a kansa, na gaya masa da Larabcina na ɗakin haihuwa cewa mutumin nan ya kwana ya wuni bai yi fitsari ba, in ya faɗi a nan shi zai yi bayani. Ba a jima ba aka kira mu. Aka ɗebi jini. Gwajin cizon sauro ya fito babu ko ɗigo. Na ƙoda kuwa, da ma'aikaciyar ta ga sakamakon sai ta ɗauki waya ta kira likita.

Likitan ƙodar da ya zo Basudane ne, dogo mai sanyin magana, Dakta Haisam. Ya saurari labarin dutsen, ya ce ya gane. Wahalar hawan da rashin ruwa sun sa naman cinyoyin ya farfashe, dattinsa ya bi jini ya je ya toshe ƙoda, shi ne fitsarin ya yi baƙi. Sai ya tambaya ko ya sha wani magani tun daga ranar. Abban Yusra ya dube ni, ya buɗe baki ya ce maganin zazzaɓi ne kawai. Na san rufa mini asiri yake yi, kuma na ji daɗin hakan na daƙiƙa ɗaya. Amma na ga mata da yawa a ɗakin haihuwa da suka ɓoye abin da suka sha a gida, na kuma ga inda abin ya kai su.

"Dakta, ba shi kaɗai ba ne," na ce. "Na yi masa diklofenak, allura huɗu cikin kwana biyu. Ni na yi da hannuna. Ma'aikaciyar jinya ce ni."

Ya ajiye biro ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Sista, ƙodar ta riga ta durƙusa, sai allurar ta hau bayanta. Amma gara da kika faɗa. Yanzu na san da me nake faɗa."

Satin farko shi ne mafi tsanani. Aka ɗaura masa ruwa leda bayan leda, ƙodar ta ƙi motsi, ruwan ya taru a jikinsa har numfashi ya fara yi masa nauyi. Kashegari Dakta ya ce sai an yi wankin ƙoda, kuma yau. Nan ma sai da muka jira amincewar kamfanin inshora, tun hantsi har bayan la'asar, ina sintiri tsakanin ofishinsu da gadon mijina. Wannan jiran har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da amincewar ta zo aka huda gefen wuyansa aka sa bututu, aka haɗa shi da injin. Na tsaya ina kallon jininsa yana fita yana dawowa. Na sha ganin jini a rayuwata, amma ranar sai da na nemi kujera.

Na tare Dakta a baranda na ce ya gaya mini gaskiya irin ta ma'aikata. Ya ce yawancin irin wannan ƙodar takan farfaɗo cikin 'yan makonni, wasu kuma ba sa dawowa, kuma babu mai iya faɗa mini yau wanne ne namu. Ban buƙaci ya ƙarasa ba. In ba ta dawo ba, inji ne sau uku a sati har iya rayuwa. Babu kamfanin da zai riƙe injiniyan da ke kwance kwana uku a mako, kuma mun san yadda wankin ƙoda yake a gida, da nisansa da tsadarsa. Na shiga banɗakin mata na yi kukana na minti biyar, na wanke fuska. Daga nan na yanke shawarar cewa ba zan sake kuka a asibitin nan ba, jinya zan yi, kuma na iya ta.

Na nemi a ba ni kofin awo mai lamba, na mai da shi aikina. Duk ɗigon da ya fita sai na auna na rubuta, duk kurɓin da ya shiga ma haka. An ƙayyade masa ruwan sha, kofi biyu ƙanana a wuni. Mutumin da ya ce mini Basakkwace ba ya jin ƙishi, shi ne yake bin gorar ruwa da ido yana ce mini, Sista, a taimaka. Nakan sa masa ƙanƙara ɗaya a baki in ce ya tsotsa a hankali. Wani lokaci ya yi fushi ya juya mini baya, in ce ya yi fushinsa, ba zan ƙara ba. Shugabar sashenmu ta ba ni hutun kwana biyar kawai, ta ce babu mai riƙe mini. Bayan nan in na tashi aikin safe sai in wuce wurinsa kai tsaye da kayan aikina a jiki. Matan Suwaidi kuwa, Allah ya saka musu. Maman Walid ta riƙe Yusra kamar ita ta haife ta, sauran suka raba kwanakin girki a tsakaninsu ba tare da na roƙa ba.

Sati na biyu na 'yan dubiya ne. Na gode wa kowa, amma ku ji wannan: duk wanda ya shigo da dabino yake shigowa. Kwali-kwali, mai tsada, har da na Madina. Dabino kuwa yana kan gaba a abubuwan da Dakta ya hana shi, tare da ayaba da lemo, domin akwai wani sinadari a cikinsu da in ƙoda ba ta tace shi ba yakan iya tsayar da zuciya. Na zama mai gadi a bakin ƙofa, in karɓa in yi godiya in kai wa ma'aikatan sashen. Wani dattijo ya ce mini dabino ai sunna ne, ba ya cutarwa. Na ce masa gaskiya ne Baba, in ya warke da shi zai fara. Abokinsa Malam Sani, direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya zo da galan na nonon raƙumi ɗanye, ya rantse shi ya tayar da wani ɗan garinsu. Shi ma na karɓa, kuma bai wuce bakin ƙofa ba. Na riga na ba mijina magani da kaina sau ɗaya, na ga sakamakon.

A satin ne wani jami'i daga kamfaninsu ya zo da furanni da fara'a. Ya yi masa salamat, wato sannu da jiki, ya yi addu'a, sannan ya ja ni gefe yana tambaya a hankali ko likita ya faɗi tsawon lokacin da abin zai ɗauka. Na gane tambayar da ke ƙarƙashin tambayar. Na ce masa su ajiye masa kujerarsa, zai dawo. Na faɗa ido cikin ido, ba rawar murya, alhali a ranar abin da na auna bai cika rabin kofin shayi ba.

Sai maganar surukata, Hajiya, a Sakkwato. Kullum tana kira, kuma ta riga ta gama bincikenta: mun shiga kwazazzabo da tsakar rana, lokacin da mutanen ɓoye ke shan iska, mun taka 'ya'yansu. Na bar ta a kan haka sati biyu, don gaskiya aljanun sun yi mini rana. Amma a sati na uku, bayan an sallame mu muna zuwa wankin daga gida, ta ce mini ta sa an haɗa wani jiƙo na sassaƙe, za ta ba wani mai zuwa umara ya kawo, a ba shi safe da yamma. Na san in ban faɗi gaskiya ba jiƙon nan zai iso, kuma ɗanta ba zai iya ƙin saƙon mahaifiyarsa ba. Na shiga kicin na rufe ƙofa, na gaya mata komai, da dutsen da jakar da allura huɗu. Da na gama sai ta yi mini tambaya ɗaya.

"Da gangan kika yi?"

"A'a, Hajiya."

"To mi kike so in ce miki, ɗiyata? Ke kika ga abin da ban gani ba. In kin ce kada a kawo, ba a kawowa. Ki tashi ki ba shi abinci."

Jiƙon bai zo ba. Addu'a ta ci gaba da aiko mana a waya, ita kuwa muna karɓa hannu bibbiyu.

Sati na ukun nan shi ya fi taɓa shi a zuciya. A ɗakin wankin, gadon da ke kusa da nasa na wani dattijon Balarabe ne da ya shekara takwas a kan injin, ya san sunan kowace ma'aikaciya, yana zuwa da bargonsa da carbinsa. Mutumin kirki ne, ya yi wa Abban Yusra maraba ya ce zai saba. Wannan kalmar ta zai saba ita ta kashe masa jiki. A mota, da muka kusa gida, sai ya fara yi mini maganar makarantar da za a sa Yusra in mun koma Najeriya, yarinyar da Hausarta ma sai an lallaɓa. Na taka birki a gefen titi na ce masa ba na son jin wannan. Na nuna masa takardar awona: shekaranjiya kaza, jiya ya ɗan ɗara, yau ya ƙara ɗarawa. Ƙaruwar ba ta taka kara ta karya ba, amma ba ta taɓa komawa baya ba. Na ce masa ni na saba jiran abin da ke zuwa a hankali, aikina ke nan, kuma na san bambancin naƙudar da ta tsaya da wadda ke tafiya. Ya ce yanzu kuma mai naƙuda na mai da shi. Ranar ce ya fara dariya tun da muka sauko daga dutsen.

A sati na huɗu, wata Alhamis bayan la'asar, ina yanka albasa ya kira ni daga banɗaki da wata irin murya. Na zo da wuƙar a hannu. Yana tsaye riƙe da kofin awon, ya cika har baki, kalarsa fes. Ya ce kuma bai gama ba, in kawo wani abu. Ban taɓa zaton zan yi sujadar godiya a kan fitsarin namiji ba, amma na yi, a nan kan tayil ɗin baranda. Kwana uku yana zirga-zirgar banɗaki, Dakta ya ce haka ake so, yanzu kuma a sake masa ruwa ya sha. Ya riƙa shan ruwa yana lumshe ido. Aka rage wankin zuwa sau biyu, sannan sau ɗaya, a sati na shida aka cire bututun wuyan. Ya yi sallama da dattijon nan, suka rungume juna, dattijon ya ce kada ya sake ganinsa a ɗakin sai dai ziyara.

To 'yan uwa, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban ce kada ku je Tuwaiƙ ba, wuri ne mai kyau, ku je da sanyin safiya a lokacin sanyi, ku ɗauki ruwan da kuke ganin ya yi yawa, kuma kada zafin garinku ya ruɗe ku. Amma babban kashedina a kan jakar nan ne. In mutum ya yi aikin wahala a rana, ko hawan dutse ne ko aikin gini ko dako, ya dawo da ciwon jiki da baƙin fitsari, kada a ba shi maganin kashe ciwo, a kai shi asibiti a ranar. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, kuma gwajin ba ya cin rabin awa. 'Yan uwana ma'aikatan lafiya, da ku nake musamman. A wurin aiki ba na ba wa mace ko ƙwaya ɗaya sai na ga takardar gwajinta, amma a gidana na yi wa mijina allura huɗu da ka. Matan da kuka saba yi mini waya, ku yi haƙuri, kemis ɗin Sista Bilkisu ya rufe. Wadda ta kira zan raka ta asibiti in tsaya mata a layi, wannan na iya.

Wata uku bayan sallamar muka koma ganin Dakta Haisam da sakamakon gwaji na ƙarshe. Ya ce ƙodar ta dawo, za ta riƙe shi, ba sauran maganar inji. Amma ba duka ta dawo ba, akwai wani kaso da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ba zai sake shan irin wancan maganin ba har abada, za a riƙa gwaji lokaci-lokaci, azumin bana kuma sai sun zauna sun duba tukuna. Abban Yusra, wanda bai taɓa shan azumi ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ya sunkuyar da kai.

Akwai tambayar da na daɗe ina riƙe da ita, na ga in ban yi ta ranar ba ba zan sake samun dama ba. Na ce wa Dakta, a cikin kason da ya tafi, nawa ne na dutsen, nawa ne na allurar? Ya ce babu gwajin da ke raba wannan, kuma ba zai ƙirƙiro mini amsa ba don in ji daɗi ko in ji zafi. Na ce na gode. A raina kuwa na riga na ba kaina amsa tun ranar Laraba ta farko, na ɗora wa kaina duka, na kuma shirya ɗaukarsa har in mutu ba tare da na dami kowa ba.

Muka fito muka shiga mota. Na sa makulli ban tayar ba, ina neman abin da zan ce masa game da azumin. Shi ya riga ni.

"Bilkisu, na ji tambayar da kika yi. Dutsen nan da ƙafata na hau shi, sau biyu, don kada ki ce na gaza. Ruwan ni na ce ba na so. Allurar ma ni na juya miki na ce ki yi, har na sa miki albarka. Kada ki kwashe duka ke kaɗai. Ki bar mini rabona."

Na yi alƙawarin ba zan sake kuka a asibitin nan ba, kuma ban karya ba, tunda filin ajiye motoci ba asibiti ba ne. Ya bar ni na yi mai isata, bai ce in yi shiru ba. Da na gama ya miƙo mini hankicinsa, ya ce in tayar da mota, an kusa tashin su Yusra daga makaranta.